Rigar Tab ɗin da Bai Fito Ba

Duk wanda ya taɓa shan shayi a teburin Ɗanbaba, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda, ya san Dogo ko bai so ba. Dogo dillalin hatsi ne. Shekara goma sha biyar yana tsoma hannu cikin buhun gero ya faɗi ƙauyen da aka nomo shi, kuma a wannan fannin, a faɗi gaskiya, ba a ja da shi. Abin da ya ɓata shi wata waya ce mai shafawa, mai tsagaggen gilashi, da ya saya a hannun wani direba. Tun daga ranar ya raina dillanci, ya naɗa kansa masanin abin da Turawa za su ƙera nan gaba. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, amma a ganinsa hoto ba ya buƙatar tafinta.

Wata Litinin da safe, gero ya fara nuna a gonaki, Dogo ya iso teburin yana ɗaga wayar sama.

"Jama'a, ku matso ku gani! Wanga shi na sabon tab da za a hiddo Alhamis ta sama. Kwamhuta ta sukutum, amma a hannu aka riƙonta awa faranti. Duniya ba ta gane shi ba tukuna, ni na gane shi."

Hoton kuwa zane ne da wani mai hasashe ya yi ya watsa a intanet: hannun mutum riƙe da wani baƙin abu mai kusurwa huɗu.

Ɗanbaba ya leƙa yana kaɗa madara. "In ba a hiddo shi ba, wa yaɗ ɗauki hotonai?"

"Na ciki. Ina da mutane can."

"Waɗanne mutane? Kai da ko Gusau za ka sai ka yi amai cikin mota?"

Aka kwashe da dariya. Dogo bai ko kula ba, ya kurɓi shayin wani ya ci gaba. "Kuma ba shi ɗai ba. Rana guda za su saki sabuwar uwar manhaja, wadda ka tuƙa kwamhutar tebur. Ranar da tah hito, duk wata tsohuwar kwamhuta ta zama gawa."

"Ita ka bi gida-gida tana kashe su?"

"Kai Ɗanbaba, mi ka samun tsohon gero in sabo ya shigo kasuwa?"

"Shi hwaɗi."

"To, shi ke nan! Ilimi ai guda na."

Direbobi uku da ke zaune suka gyaɗa kai, domin maganar gero magana ce da kowa ya yarda da ita.

Iyalin Dogo kuwa suna da tsohuwar kwamfutar tebur, sai dai ba tasa ba ce. Ta matarsa Turai ce, uwar 'yarsa Salima. Da aka raba gadon mahaifinta a Birnin Tsaba, inda mahaifiyarta Inno take zaune, sa guda ya faɗo mata, ta sayar ta sayi kwamfutar da firinta, ta kama ɗan shago kusa da ƙofar Foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, tana buga wa ɗalibai takardu. Kwamfutar ta tsufa, sai an mari gefenta take tashi, fankarta na kuka kamar injin markaɗe. Amma ita ke sa tukunya a kan murhu duk lokacin da kasuwar hatsi ta yi sanyi, kuma Turai na kallonta ne kamar abin da ya rage mata na mahaifinta.

Dogo ya yi kwana biyu yana tunani irin na dillali, ya fito da hukunci biyu. Na farko, mai hankali yakan fitar da tsohon kaya kafin sabo ya sauka. Na biyu, shi ya sha gani da idonsa cewa da kaka masu sayar da buhu ba sa yin kwantai, domin kowane gero sai ya nemi abin zubawa. To, tab ma ai sai ya nemi riga. Duk wanda ya riga kowa tanadin rigunan, shi zai riƙe kasuwar daga Ƙaura har Zurmi.

Ranar Alhamis Turai ta tafi bikin suna a garin Ɗan Isa. Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba Dogo ya buɗe shagon. Ya tsaya ya dubi kayan, ya yi abin da yake ganin adalci ne: ya bar mata allon kallo, tunda a cikinsa yake ganin rubutu na fitowa, ya ɗauke baƙin akwatin da ke ƙarƙashin tebur, wanda a saninsa ba ya komai sai kuka da zafi. Ya ɗaure shi a bayan babur da roba, ya bi ayarin 'yan kasuwa zuwa Shinkafi.

Mai sayar da kayan waya na farko da ya samu ko taɓa akwatin bai yi ba.

"Malam, ba ka ji labari ba? Alhamis mai zuwa duk irin waɗanga mutuwa za su yi."

"Wa yag gaya maka?"

"Direbobi. Wani babban masani na a Ƙaura yah hwaɗi."

Dogo ya ji daɗi har cikin ransa, ya kuma ji haushi har cikin ransa, ya rasa wanda zai fara nunawa. Daɗin ya yi rinjaye. Ya bugi ƙirji. "Ai ni na masanin!"

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. "Kai na? Shi na kuma kaɗ ɗauko gawa tun daga Ƙaura ka kawo mani? Allah shi isa tsakanina da kai."

Shago na biyu haka, na uku ma haka, har da mai cewa ya matsar da akwatin daga bakin rumfarsa kada ya shafi nasa kayan. Rana ta take, roba ta tsinke sau biyu, Dogo ya koma ɗaukar akwatin a ka. A haka ya faɗa layin dukawa, ya tsaya gaban wani dattijo mai suna Isah, wanda ke zaune cikin jajayen fatun awaki yana ɗinkin kube. Isah mutum ne marar yawan magana, kuma yana da 'ya a makarantar koyon aikin jinya da ta daɗe tana roƙonsa kwamfuta. Bai san labarin mutuwar kwamfutoci ba, da aka gaya masa ma bai damu ba, ya ce shi ma an sha cewa sana'arsa ta mutu. Suka shirya musaya: akwati a bakin rigunan fata arba'in.

"Ina abin da za a yi ma rigar?" in ji Isah.

"Bai hito ba, Baba."

Isah ya ajiye basilla. "Ɗana, ni tun da nike, ban taɓa ɗinka kube ba sai wuƙar na gabana."

"Ga hoto. Dubi hannun da ar riƙe da shi. Hwaɗinai taƙi guda, tsawonai taƙi da rabi. A bayyane yake."

"Taƙin wa?"

"Taƙi ai taƙi na, Baba."

Ya shimfiɗa hannunsa a kan fata. Ba don wasa ake ce masa Dogo ba: tafin nan nasa yana rufe bakin tiya ruf, har yatsu su yi saura. Isah ya zana da gawayi.

"Ƙara yatsa ukku kowane gefe," in ji Dogo.

"Na mi?"

"Abubuwan ga girma suka yi duk shekara. Ba ka ga wayoyi ba, da can awa ashana, yanzu awa bulo? In za ka ɗinka ma yaro rigar Salla, daidai jikinai kaka yi?"

"A'a, da rara aka yi."

"To, sa mashi rara. Ka sa maratayi, ka sa geza, manyan mutane za su saye."

Isah ya kira maƙwabtansa biyu su shaida. "Kun dai ji da kunnenku. In anka yanka fata, ba komowa." Dogo ya ce ko za a yanka ta yanzu a gabansa ma a yanka.

Da la'asar ya iso Ƙaura yana fito. A bakin shago ya tarar da Turai tsaye da mayafin suna ba ta ko cire ba, gefenta wata ɗalibar Foli mai suna Mardiyya, wadda Turai ta yi mako uku tana buga mata furojet ɗin gama makaranta, shafi tamanin da wani abu.

"Baban Salima, ina kwamhutata?"

"Na cece ki, Turai. Saura kwana bakwai ta mutu a hannunki."

"Ina take?"

"Shinkahi. Amma kwantar da hankalinki, ban taɓa aikin mutane ba. Ga allonki nan, duk rubutun na ciki."

Mardiyya ta dafe kai ta zauna a kan benci. "Malam Dogo, allon nan madubi ne kawai. Komai yana cikin akwatin. Litinin ta sama zan miƙa aikina."

"Wa yak koya maki haka?"

"Abin da nake karanta ke nan shekara huɗu."

"To, tsohon karatu na. Sabuwar manhaja za ta sake duk wannan."

Turai ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan in da yana da hankalin jin tsoro. "Da mi kam musanya san babana?"

"Rigunan tab. Arba'in, jar fata, da geza."

"Ina tab ɗin?"

"Shina tahe."

"To, ji nan. Na haƙura da ranar da kac ce za a daina shan man fetur, kas sai da jarkokinmu. Na haƙura da ranar da kas sa wayata cikin buhun maiwa wai ta yi caji. Wanga ban haƙura ba. Juma'a ta sama, kahin a tahi masallaci, in akwatina bai dawo bisa wayarshi ba, ni da Salima muna Birnin Tsaba wurin Inno. Kuma kada ka aiko kowa biko."

Dogo ya yi murmushin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. "Juma'a? Ai Juma'a da kanki za ki ce in yahe maki. Sabuwa dal zan aza maki nan, wadda aka yi ma magana ta amsa."

Ranar Talata kaya suka iso a motar Shinkafi. Aiki ya yi kyau, ba a cewa komai, sai dai kowace riga ta kai girman matashin kujera. Dogo ya duba ya ce haka ake so. Da yake ya san mai saye yana son ganin samfur, sai ya sa kafinta ya yanko masa katako daidai awon, ya shafe shi da baƙin fenti. Laraba da sassafe, fentin bai gama bushewa ba, ya saka farin kaftaninsa na zuwa ɗaurin aure, ya ɗaure kaya ya nufi Zurmi, domin a cewarsa mutanen Ƙaura hassada ta yi musu yawa.

A Zurmi ya baje koli a gindin wata bishiyar bedi kusa da tasha, ya fara kirari. Mutane suka taru, don ba a rasa masu son kallo. Wani hedimasta mai farar babbar riga ya karɓi katakon ya jujjuya.

"Ina aka kunna shi?"

"Wanga samfur na, ranka shi daɗe. Na gaske shina bisa hanya."

"Ashe itace na."

"Itace na yanzu."

Hedimastan ya mayar masa, ya dubi tafin hannunsa, ya dubi gaban rigarsa inda ya jingina abin. Baƙin tambari mai kusurwa huɗu ya zauna masa daram a ciki. Abin da ya faɗa wa Dogo ba irin wanda ake koya wa yara a aji ba ne.

Wata mai fura ta ɗauki riga guda, ta zura faifanta ciki, ya shige har da sauran wuri. "Wagga ta yi man daidai. Nawa?"

"Hajiya, ba ta faifai ba ta! Ta na'ura ta, daga Amurka!"

"To, in na'urar ta ƙi zuwa, ina nan bakin tasha."

Wani wanzami ya gwada ƙahoninsa, wani ya ce ko za a cika ta da auduga a yi matashi. Dogo na can yana rantse-rantse, wata akuya ta lallaɓo ta baya ta cinye gezar riguna huɗu. Bai sayar da ko ɗaya ba. A hanyar dawowa hadari ya taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, shi kuma don kare kaya sai ya rungume su a ƙirji. Jan rinin fata ya bi kaftanin nan daga wuya har gwiwa. Da ya shigo Ƙaura, mata suka fara salati, 'yan acaɓa suka biyo shi suna tambayar inda abin ya faru, wani har ya tsayar da keke napep zai kai shi asibiti.

Ɗanbaba ya leƙo daga rumfarsa. "Dogo, tab ɗin na yac cije ka?"

Duk da haka bai karaya ba. Ya je ya sami Anwar mai gidan kallon ƙwallo, suka shirya cewa Anwar zai sauke bidiyon bikin fito da kayan, a nuna wa jama'a ranar Juma'a da hantsi. Dogo ya bi rumfa-rumfa a kasuwar hatsi yana gayyata, ya gayyaci direbobi, ya gayyaci malaman Foli biyu, ya ce kowa ya zo ya ga ranar da za a san waye Dogo.

Juma'a da safe Anwar ya ja shi gefe, fuskarsa wani iri. "Malam Dogo, na kalli abin nan. Ko za ka shigo ka ɗan gani kai kaɗai tukuna?"

"In ga mi? Ni da nas san abin da ac ciki tun ba su sani ba? Kunna ma jama'a."

Gidan kallo ya cika har ƙofa. Dogo ya tsaya gefen talabijin, ya rataya riga guda a wuya, ta rufe shi daga ƙirji zuwa cibiya, sauran kuma ya jera su a kan benci. Mardiyya ta zo, ba don tana so ba, sai don Anwar ya roƙe ta ta yi tafinta.

Wani Bature siriri ya fito kan dandamali hannu rabbana.

"Kun gani?" in ji Dogo. "Ya yi nauyi, sai an turo mashi shi a baro."

Baturen ya yi 'yan maganganu, ya sa yatsu biyu cikin aljihun gaban rigarsa, ya zaro wani ɗan abu kamar katin ɗaurin aure. Ya buɗe shi gida biyu, ya sake ninke shi, ya mayar aljihu. Turawa suka yi ta tafi.

"Wannan rimot na," in ji Dogo. "Ku jira uban."

"Malam Dogo," in ji Mardiyya, "ya ce shi ke nan tab ɗin. Ya ce an yi shi ne don kada mutum ya sake ɗaukar jaka."

Wani daga baya ya ce, "A sa shi cikin rigar mu gani, halan shi girma!" Dariya ta ɓarke har Anwar ya tsayar da bidiyon.

Dogo ya ɗaga hannu, zufa na bin gemunsa. "Ku dakata! Saura manhaja! Nan za ku ga gawawwaki!"

Aka ci gaba. Wata mata ta fito, aka haska mata wata tsohuwar kwamfutar tebur, baƙa, mai kama da ta Turai kamar an tsaga kara. Ta danna, abu ya tashi garau.

"Mi tac ce?" in ji Ɗanbaba.

Mardiyya ta juyo ta dubi Dogo ido cikin ido, ta fassara a hankali don kowa ya ji. "Ta ce sabuwar manhajar kyauta ce. Ta ce tana hawa kan tsofaffin kwamfutoci, har ta ƙara musu sauri. Ta ce duk mai tsohuwa ya riƙe abarsa, kada ya yar."

Wannan karon har da masu faɗowa daga benci. Direban da ya kai labari Shinkafi ya miƙe yana cewa a ba shi hanya ya mari masani. Wani ya kifa riga guda a ka kamar malafa yana rawa. Dogo ya ce fassarar ce ba daidai ba, ya ce bidiyon na bara ne, ya ce akwai kashi na biyu, yana faɗa yana ja da baya har ya tsinci kansa a waje, rigar na lilo a wuyansa, jama'a na biye da shi.

A bakin titi keke napep na tsaye. Turai na ciki, Salima a cinyarta, akwatin kayanta a ƙafa, allon kwamfuta da firinta an naɗe su da zane a baya. Mardiyya ta ratsa mutane ta shige ta zauna kusa da ita. Sai a lokacin Dogo ya gane da gaske take yi, domin duk kwanakin nan bai taɓa yarda za ta tafi ba.

"Turai, tsaya. Don Allah tsaya. Yau zan tahi Shinkahi."

"Mu za mu Shinkahi, ni da yarinyar mutane, mu durƙusa ma baduku shi bar mu mu kwashe aikin da ac ciki. Daga can sai wurin Inno."

"To, yaushe za ki dawo?"

Turai ta gyara wa Salima ɗankwali, sannan ta ɗago ta dube shi. Idonta ya yi ja. "Kai da kas san abin da za a hiddo Amurka tun ba a hiddo ba, ni za ka tambaya? Hwaɗa ma jama'a. Yaushe zan dawo?"

Mutane suka zuba masa ido, har Ɗanbaba. Dogo ya buɗe baki yadda ya saba, ya ɗaga yatsa, ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa da ke miƙo masa hannu. Yatsan ya sauka da kansa.

"Ban sani ba, Turai."

"To, Alhamdu lillahi," in ji ta. "Shekara tara ina jiran in ji wagga kalma a bakinka." Ta taɓa kafaɗar mai keke. "Malam, ja mu tahi tasha."